Tsanin Ƙarfe a Ƙafar Karsanar Baba Nomau

Ku da kuka fito daga makaranta bara da bana, kuke zuwa shagona a Ƙanƙara kuna cika mani benci kuna nuna mani waya, ku saurara. Kun nuna mani wani mutum cikin farar riga yana huda ƙafar maraƙi, ya zura ƙarafa, ya ɗaure, cikin minti uku maraƙi ya miƙe yana tsalle. Sai kuka ce, “Baba, ashe abin nan da ake ta zuzuta ka a kai ba wani abu ba ne.” To, na ga minti ukun. Ban ga wanda ya kayar da maraƙin ba, ban ga wanda ya dafa ƙarafan ba, ban ga wanda ya yi wata biyu yana korar ƙuda daga bakin ramukan ba. Wannan ba a ɗaukar shi a waya, don ba mai son kallo.

Sunana Isiyaku, kuma ni ba dakta ba ne, ku daina ƙara mani girman da ban kai ba. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne ni. Na yi aikin gwamnati tsakanin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa har na yi ritaya, yanzu ina sayar da maganin tsutsa da na kaska, in an kira ni in je.

Abin da muke magana a kai mutanen ƙauye tsani suke ce mashi, kuma sun yi daidai, don da tsani ya yi kama. Ƙashi ya karye. Sai ka huda shi wuri biyu ko uku sama da karayar, ƙasa da ita ma haka. Ka zura dogayen ƙusoshi sirara na ƙarfen da ba ya tsatsa, su shiga ta wannan gefe su fito ta wancan. Sannan ka kawo sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ka ɗaure kawunan ƙusoshin a jikinsu daga waje. Nauyin dabba sai ya bi ta ƙarfe ya tsallake karayar, ƙashi ya samu hutu ya haɗe. Abin da ya fi simintin ɗaure karaya da shi kuwa shi ne, in ƙashi ya tsaga fata ya leƙo, ka rufe da siminti, ruɓa ka rufe. Tsani yana barin ciwo a fili, kana gani, kana wankewa kullum. Kun ji shi ke nan a baki, ko numfashi uku bai ci ba. Hannu ne ke ɗaukar shekaru.

Akuyar farko da na ga an yi wa tsani a Faskari ne, a hannun Dakta Mamman, wanda ya koya mani aikin, Allah ya jiƙan shi. Washegari na ce mashi ina so in gwada. Ranar kasuwa ya tura ni wurin mahauta na kwaso ƙasusuwan ƙwauri cike da buhu, ya miƙo mani barima, wato abin hudan da ake juyawa da hannu, ya ce in fara. Duk ramin da na huda sai ya karɓi ƙashin ya ɗora a leɓenshi. In ya ji ɗumi sai ya jefar ya ce, “Ka dafa shi. Sake.” Wata huɗu ina hudar ƙashin da ba shi da rai kafin in taɓa mai rai. A nan na gane cewa ƙashi yana ƙonewa. In ka yi sauri ramin ya yi zafi, ƙashin da ke kewaye da ƙusa sai ya mutu a zobe, bayan mako biyu ƙusa ta fara rawa kamar haƙorin tsoho, aikinka ya tashi banza. Shi ya sa har yau ba na huda da na lantarki sai in babu yadda zan yi, kuma ko da shi a hankali, wani na zuba ruwa.

Da ya yarda na taɓa mai rai, wata tunkiya ce. Na huda daidai, na ɗaure daidai, ina ta jin kaina. Dakta Mamman ya zo ya tsaya ya ce, “Ina kofaton yake kallo?” Na duba. Tunkiyar gabas take kallo, kofaton kuma kudu. Na haɗa ƙashi a murɗe. Muka kwance muka sake, mai tunkiya na tsaye yana ta salati. Mu ba mu da hoton ƙashi a ƙauye, yatsunka ne hotonka, da ƙafar da ba ta karye ba, wadda za ka riƙa dubawa kana gwadawa. Tun daga ranar ba na ɗaure noti ko ɗaya sai na je na tsuguna a gaban dabba na kalli kofato.

Kayan aikin duka jaka ɗaya suke cikawa. Barima, ƙusoshi, sanduna da notocinsu, sifana biyu, abin yanke ƙarfe, aidin, allurar barci da ta kashe zafi, igiya mai kyau, da tukunyar da nake dafa ƙarafa, wadda maiɗakina ta sani ba a taɓa ta ko da an yi baƙi. In sanduna sun ƙare, tiyon ruwa nake yankawa in soka shi a kawunan ƙusoshin, in cika cikinshi da gam ɗin nan da masu gyaran tankin babur ke cuɗawa. In ya daskare ya zama sanda. Yana riƙe akuya da maraƙi sarai. Amma ƙusa ba ta da madadi. Wayar ƙafar babur ba ƙusa ba ce, rodin gini ba ƙusa ba ne. Duk ƙarfen da zai yi tsatsa a bakin rijiya zai yi tsatsa a cikin ɓargo.

Wani rago a Mairuwa shi ya koya mani cewa dabba ba ita ce wahalar aikin nan ba, mai ita ne. Na yi mashi tsani mai kyau, na ce zan dawo bayan mako shida. Da na koma mako na uku don in duba, sai na tarar ƙusa ɗaya babu. Na ce ina take? Mai ragon ya ce ai ya ga ya fara takawa, ga su har huɗu, sai ya zare ɗaya ya daddaki kanta ya yi basilla yana ɗinkin buhun masara. Har ya ɗauko ya nuna mani, yana yaba ingancin ƙarfen. Akwai kuma masu kawo maka dabba bayan kwana goma, an naɗe ƙafa da kara da tsumma an matse har ta yi baƙi tana wari, su ce, “Malam, ga ta nan, an ce kai kake tayar da su.” Ba na raina maɗora. Karayar da ba ta tsaga fata ba, maɗori nagari yana haɗa ta, na sha gani. Amma in jini ya daina zuwa kofato, ko ni ko shi ko dakta, babu mai dawo da ƙafar. Sai ka ce a kira mahauci, a tafi ana cewa ka kasa.

Duk wannan ƙaramin abu ne in an gwada da shekarar da hanyoyin Sabuwa suka fara gagarar mutane. Lokacin ina can, shekarun ƙarshe kafin ritaya. Da damina ne aka buga mani waya daga wata 'yar unguwa bayan Damari, aka ce Baba Nomau na nema na. Tsoho ne manomi, na san shi tun ina zuwa yi masu rigakafin shanu. Dukiyarshi ba ta da yawa: shanun huɗa biyu, saniya ɗaya, da ɗiyarta, wata farar karsana da ba ta daɗe da cika shekara ba. Ita ce ta zurma ƙafar baya cikin rami a bakin fadama, ƙashin ƙwauri ya karye ya tsaga fata.

Na ce, “Baba, an ɗaure?”

Ya ce, “Ba a taɓa ba. Na tuna faɗan da ka yi wa mutane wancan zuwan. Tsumma mai tsabta kawai na yafa mata.”

Na ce, “Allah ya yi maka albarka. A hana ta abinci daga yanzu, gobe da hantsi ina nan.”

Ku rubuta wannan, don ba ya cikin wayarku. Saniyar da ta ƙoshi, in ka kwantar da ita a gefe na awa ɗaya, cikinta zai kumbura ya toshe numfashi, ka gyara ƙafa ka rasa saniya.

Na isa bayan na tura babur cikin taɓo fiye da yadda na hau shi. Muka shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin kaɗanya, na yi wa karsanar allura, maza huɗu suka kayar da ita a hankali. Wanda ya riƙe kai maƙwabcinshi ne, Alhaji Sada, mutum mai shanu da yawa da magana da yawa. Tun ina wanke ciwon yake cewa, “Baba Nomau, ka yanka abinka tun tana da nama. Wa ya taɓa ganin an kafa wa saniya ƙusa kamar ƙyauren ɗaki?”

Baba Nomau ya ce, “Riƙe kai aka ce ka yi, Alhaji.”

Na aske gashin, na wanke da dafaffen ruwan gishiri har sai da na daina ganin ƙasa a cikin naman, na cire wani ɗan guntun ƙashi da ya rabu da kowa. Aka ɗaura igiya a kofato mutum biyu suka ja a hankali, ni kuma yatsuna na kan karayar har na ji bakin biyu sun zauna a kan juna. Ƙusa uku sama, uku ƙasa. Kafin kowace sai na laluba inda jijiya take in kauce mata. Ina juya barima gumi na shiga mani ido, Alhaji Sada na cewa, “Wai ba ta fi haka sauri ne?” Na ci gaba da juyawa a hankali. Da na gama na je na kalli kofato, na ɗaure notocin, muka juyar da ita bisa ƙirji. Kafin la'asar ta miƙe, ta dangwala ƙafar a ƙasa, ta ɗauke, ta sake dangwalawa.

Na bar wa Baba Nomau aidin da umarni: ramuka goma sha biyu ne, shida kowane gefe, a wanke kowanne safe da yamma, a ɗaure ta a turke wuri busasshe, kada ta yi yawo. A duk rayuwar aikina ban ga wanda ya bi magana kamar tsohon nan ba. Da na koma bayan mako biyu sai na tarar ya yanka tsohon gidan sauro ya ɗinka wa ƙafar riga har da zariya, ƙuda ko ɗaya ba ya kai wa ramukan. Shekara nawa ina faɗa da tsutsa, wannan dabarar ba ta taɓa zo mani ba. Daga wurinshi na ɗauka, kuma ina faɗa a ko'ina.

A mako na huɗu 'yan bindiga suka shiga unguwar. Da hantsi suka zo, bisa babura, mutane suka watse cikin dawa. An yi rashin rai, kuma duk abin da ke da ƙafa huɗu aka kore shi. Baba Nomau bai iya gudu, sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya kwanta, yana ganin ƙafafunsu yana jin maganarsu. Shi ya ba ni labarin da bakinshi. Sun kwance shanun huɗar da saniyar. Ɗaya ya zo kan karsana, ya yage gidan sauron, ya ga ƙarfe na ƙyalli. Ya ja sandar tsanin, karsana ta yi ƙara, ya ga abin a cikin ƙashi yake. Sai ya kira wani. Wancan ya duƙa ya duba ya ce, “Bar ta. Wannan na gwamnati ne. Irin ƙarfen nan ne ke gaya wa jirgin sama inda mutum yake.” Suka ja da baya, suka tafi da sauran. A unguwar kaf, karsanar nan ce kaɗai ta rage a turke. Alhaji Sada kuwa garkenshi duka ya tafi, sai shanun huɗa biyu da suka tsira don ranar suna wata gona mai nisa.

Mutanen unguwar suka taso suka dawo cikin Sabuwa. Baba Nomau ya sauka a kangon wani ɗan'uwanshi a gefen gari, aka kawo karsanar a bayan a-kori-kura. Na je na duba, tsani bai motsa ba, na gode wa Allah. Ban san labari ya riga ni zagaya gari ba.

Ranar Litinin na zo ofis na tarar da layi. Shanu, raguna, har da jaki. Na yi zaton wata cuta ce ta ɓarke. Na kama na farko na duba, lafiya lau. Na biyu, lafiya lau. Na ce, “Jama'a, me ke damun dabbobin nan?” Wani ya ce, “Ba komai, Malam. Ƙarfen nan muke so a sa masu.” Na yi bayani a tsaye har muryata ta dushe. Na ɗauko ƙusa na miƙa masu suna juyawa, na ce ku duba, babu batir, babu waya, ƙarfe ne kurum, ba ya magana da jirgi, ba ya magana da kowa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “To in na karya ƙafar da kaina, za ka sa?” Ba wasa yake ba. Na ce su fice mani daga harabar ofis. Washegari wasu suka zo daga wajen Faskari.

Alhaji Sada bai shiga layi ba, gida ya same ni bayan azahar. Ya rame, babbar rigar ta yi mashi yawa. Muka gaisa, na yi mashi jaje, sai ya ce, “Malam Isiyaku, shanu biyun nan su suka rage mani. Gona tana can, dole in koma in yi huɗa ko iyalina su rasa abin ci. Ka sa masu tsani.”

Na ce, “Alhaji, har da kai? Kai fa ka riƙe kai ranar. Da idonka ka ga abin da na sa. Ƙarfe ne, ba ya kiran jirgi.”

Ya ce, “Na sani. Kai ma ka sani. Su ne ba su sani ba.”

Maganar ba ta wawa ba ce. Na ce, “To in abin kallo kake so, ka ɗaura ƙarfe da igiya daga waje, ba sai an huda ba.”

Ya ce, “Sun ja na Baba Nomau suka ga a cikin ƙashi yake, shi ya sa suka yarda. Na igiya yaro ma zai kwance.”

Na ce, “Saurara. Karsana ƙarama ce, kuma a turke take, ba ta aikin komai. Sanka ya ninka ta nauyi sau uku. In na huda lafiyayyen ƙashi wuri shida ka ɗora mashi garma cikin taɓo, ni na karya maka shi. Ba zan yi ba.”

Ya miƙe ya kaɗe rigarshi ya ce, “Wato sai mai karaya ke da gata a wurinka.” Ya fita bai yi sallama ba.

Bayan kwana tara ya aiko a kira ni. Tun daga ƙofar gida na ji warin. Ashe wurin wani mai walda ya je, aka yanka rodin gini aka fiƙe bakinshi, aka aro abin hudan lantarki wurin kafinta, aka tayar da janareto, aka kayar da jan san, wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun, ba allura ba komai. Sun huda wuri huɗu a jere, kusa da juna, sun zura rodin, sannan mai waldar ya liƙa sanduna da wuta ƙarafan na cikin ƙafa. Ku yi tunanin zafin da ya bi rodin nan ya shiga ɓargo. Ramukan sun yi baƙi, mugunya na fita da tsatsa. Kwana shida san ya daure yana tsayawa, ran na bakwai ƙashin ya tsage daga rami zuwa rami ya faɗi. Na sa yatsa na taɓa, ƙashin na motsi kamar fasasshen kasko a cikin buhu. San na kwance ya miƙe wuya, idonshi a kaina.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na faɗa wa Alhaji Sada abin da ban taɓa faɗa wa dattijo ba, a gaban iyalinshi. Na ce sa mai lafiya, wanda ya tsira daga ɓarayi, kai ka kashe shi da hannunka. Na ce na gaya maka, na gaya maka a cikin gidana. Yana zaune bisa turmi bai ɗago ba. Da na gaji na yi shiru sai ya ce, “Ka gama, Malam?”

Na ce na gama.

Ya ce, “Babu abin da za a yi mashi?”

Na ce, “A kira mahauci yanzu, kafin zazzaɓi ya ɓata sauran naman. Ƙafar nan kuma a binne ta, kada kowa ya ci.”

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ɗaya san da ke tsaye a turke yana tuƙa, ya ce, “Wancan fa? Garmata ta shanu biyu ce. Gaya mani abin da zan yi da shi shi kaɗai.”

Na ɗauki jakata na fita. Daga ranar layi ya watse a ofis, amma kada ku ɗauka bayanina ne ya yi aiki. Warin ƙafar jan sa ne.

Saura karsana. A mako na takwas na laluba karayar na ji ta yi dunƙule mai tauri, alamar ƙashi ya haɗe. Na sassauta notocin na sa ta taka, ta taka ba ta ɗaga ba. Na ce wa Baba Nomau jibi zan zo in cire. Jibi na zo aka ce ya tafi ta'aziyya, ɗakin da karsanar take kuma a kulle. Na sake zuwa, ya ce ai yau ta ci abinci da yawa. Na uku ya ce bari a ga wata ya kama. Mutumin da bai taɓa tsallake wankin rami ɗaya ba, shi ne yau yake mani wasan ɓuya. Ran na huɗu ban aika ba, na zo da jakata tun da safe na same shi tsugune yana wanke ramukan. Na tsuguna kusa da shi, na kama ƙusar sama na girgiza. Ta yi rawa. Na matsa bakin ramin, ruwa ya fito.

Na ce, “Baba, ka gani?”

Ya ce, “Na gani tun shekaranjiya.”

“To me kake jira?”

Ya matse tsumman ya ajiye a bakin kwano. Ya ce, “Malam, an ce hanya ta ɗan yi sauƙi, mutane sun fara komawa. Ni ma zan koma, ba zan mutu a kangon wani ba. Ba ni da sa, ba ni da saniya. Ita ce za ta haifa mani na gaba, in Allah ya yarda. Ka bar mata ƙarfen nan ko zuwa kaka ne. Zan wanke sau uku a rana.”

Na ce, “Ko sau goma ka wanke. Ƙusar da ta fara rawa hanya ce, ƙazanta na bi ta kai ɓargo. Mako biyu nan gaba ƙafar za ta fara abin da ta Alhaji Sada ta yi. Ka je ka ga jan san?”

Ya ce, “Ni na riƙe kai da aka yanka.”

Karsanar ta juyo tana shinshinar hular tsohon. Can ya ce, “Ko guda ɗaya ba za a bari ba? Wadda ba ta rawa?”

Na ce, “Ko guda.”

Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya miƙe da ƙyar ya kama igiya ya ce, “Bismilla.”

Cirewa ba ta da wuya in an sa daidai. Na yi mata 'yar allura, na kwance sanduna, na yanke kan kowace ƙusa ta gefe ɗaya na goge da aidin, don kada dattin waje ya ratsa ta cikin ƙashi, sannan na murɗa na zare ta ɗaya gefen. Shida suka fito ɗaya bayan ɗaya. Na wanke ramukan na ce nan da kwana goma za su toshe, a ci gaba da ɗaure ta wata guda kafin a sake ta kiwo. Da maganin ya sake ta, na ce ya ja ta mu gani.

Ya ja ta zuwa bakin katanga ya dawo. Da farko tana ɗaga ƙafar sama-sama, tana neman nauyin da ta saba da shi. A zagaye na biyu ta manta. A na uku ta fizge igiyar daga hannunshi ta yi sassarfa har ƙarshen kangon, ta juyo, ƙafa huɗu na sauka daidai, kofato na kallon inda ya kamata. A duk tsanin da na yi a rayuwata babu wanda ya kai wannan kyau. Na juya ina jiran tsohon ya ce wani abu.

Yana tsaye hannu a baya yana kallonta.

Ya ce, “Aiki ya yi kyau, Malam. Allah ya saka. Ko ɗingishi babu.” Ya sake duban ƙafar. “Yanzu in sun dawo, za ta iya bin su har cikin daji.”

Ya taka a hankali ya kamo igiyar, ya naɗe rabinta a hannu ya gajarta, ya ɗaure ta a turken da ke bakin ƙofar ɗakin da yake kwana.